Surukina a Kujerar Dama

Auwalu ɗan ƙanena ne ya jawo wannan zama. Jiya da la'asar ya faka kekensa mai ƙafa uku a ƙofar gidana a nan Gumel, shi da abokansa suna shan rake, sai na ji yana cewa ai tuƙin jirgin sama bai kai tuƙin keke wuya ba. Wai a sama babu rami, babu akuya, babu ɗan sanda, kuma na'ura ce ke yin komai, direba sai dai ya harɗe ƙafa a kawo masa shayi. Wani a cikinku har ya ce in an miƙa masa makulli zai kai jirgi Jidda ya dawo kafin magariba. Jirgi ba shi da makulli, amma ban katse shi ba. Na ce ku dawo yau in ba ku labarin aikin da na yi tun gashina yana baƙi har ya koma yadda kuke ganinsa. To, ga ku kun zo. Ku gyara zama.

Gaskiyarku guda ce: in jirgi ya kai can sama ya daidaita, akwai shayi. Amma ba don shayin aka ajiye mu ba. Aikin yana ƙasa, daga sa'ad da aka rufe ƙofa zuwa sa'ad da taya ta rabu da kwalta. A ɗan wannan tsakanin jirgi ya fi nauyi, ya cika da mai da mutane da kaya, ga titi kuma yana ƙarewa a gabanka.

Mutum biyu ne a gaba, kyaftin a kujerar hagu, mataimakinsa a ta dama. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon agoguna yana faɗin abin da ya gani. Kayan aikinmu ba su da yawa: abin sawa a kunne mai ɗan bakin magana, tocila, tabarau na rana, sai wata takarda mai kauri da muke kira ceklis. Ɗaya zai karanta layi, ɗayan ya kai hannu ya taɓa abin da aka ambata, sannan ya amsa da baki. Ba a gyaɗa kai. Ba a cewa ai na duba ɗazu. Muna yin bismilla, muna cewa in Allah ya yarda, amma bayan yatsa ya taɓa maɓallin.

Da Turanci ake yin maganar, amma da Hausa zan faɗa muku. In an hau titi an tura wuta, mai kallo zai ce, "Wuta ta daidaita." In gudu ya kai tamanin a agogonsa zai ce, "Tamanin." Mai tuƙi ya saci kallon nasa agogon, in sun yi daidai ya ce, "Na gani." Can gaba akwai wani gudu da muke kira bi-wan. Kafin shi kana iya fasa tashi ka taka birki. Bayan shi, ko inji ɗaya ya mutu, sama za ka, don sauran titin ba zai ishe ka tsayawa ba. Da an kira shi kyaftin yake ɗauke hannunsa daga sandunan wuta, waɗanda ake ƙara wa inji ƙarfi da su, don kada zuciya ta raya masa wani abu. Sai a ce, "Ɗaga," a ja hancin jirgi sama. Duk tsawon wannan babu hira. Ko matarka ce ta haihu da safe, sai an yi nisa sama za ka ba da labari.

Ranar da na yi wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, wannan bayani, sai ya ce ashe aikin kakanka ka koma. Kakana madugu ne zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa ba, yana ɗauko kanwa da gishiri daga Damagaram ya biyo ta Maigatari. Ba ya tashi daga zango sai ya kira jagaba ya amsa, ya kira mai salkunan ruwa ya amsa, ya kira na ƙarshen ayari ya amsa. In wani ya ɗaga masa hannu kawai, sai a sake daga farko. Mahaifina ya ce bambancin ɗaya ne, shi raƙumi in ya ji kayan ba daidai ba yakan durƙusa da kansa, jirgi kuwa ba shi da wannan hankalin.

A makarantar koyon tuƙi, abin da ya fi ba mu wahala, mu 'yan nan yankin, ba lissafi ba ne. Baki ne. Malaminmu wani dogon Bature ne da muke kira Mai Lofe. Akwai wani akwati a kan ƙafafun ƙarfe, cikinsa kamar gaban jirgi sak, yana girgiza yana ƙara, in ka yi kuskure ka faɗi ka mutu, sai ka buɗe ƙofa ka fito ka sha ruwa. Mai Lofe yakan zauna a kujerar kyaftin ya yi ɓarna da gangan, ya ga ko ɗalibi zai yi magana.

Abokina Isyaku, ɗan Sule Tankarkar, yaro ne da aka yi wa tarbiyya har ta yi yawa. Rannan Mai Lofe ya hau titi bai sauke bayan fiffike ba, wato ɓangaren da ake saukarwa don iska ta ɗauki jirgi da wuri. Isyaku ya gani sarai. Jirgi na gudu, sai ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya sa ban katse maka tunani ba. Ni dai ƙaramin ɗalibi ne, kuma mai yiwuwa idona ne, amma a ɗan ganina kamar fiffiken nan..."

Akwatin ya buga, fitilu suka mutu. Mai Lofe ya cire lofensa daga baki, wanda ba ya kunnawa, ya dubi abokin nawa, ya ce, "Isyaku, ka kashe mu duka, amma cikin ladabi."

Daga ranar ya sa mu dokar kalma ɗaya. In ka ga abin da zai hana tashi, ka ce "Tsaya", da ƙarfi, ko da wanda ke gefenka ya haife ka. Bayani sai jirgi ya tsaya.

Fasinjoji kuwa na ɗauki iri-iri, amma mutanenmu na fi jin daɗi. Akwai wani Alhaji dillalin shanu a Maigatari da ya aiko ma'aikaciyar jirgi ta roƙe ni, wai in mun zo saitin garinsu in ɗan danna oda iyalinsa su san ya wuce. Na aika masa cewa jirgi ba shi da oda. Ya aiko cewa to in ɗan rage tsawo ya leƙa ko an ba shanunsa ruwa. Wani babban mutum kuma ya makara, aka jira shi har rana ta take, da ya shigo sai ya leƙo ɗakinmu ya same mu muna karanta ceklis, ya ce, "Kyaftin, wannan karatun ba za a yi shi a hanya ba? Ina da taro." Na ce masa ranka ya daɗe, shigowarka ta katse mu, yanzu sai mun koma layin farko. Bai ƙara leƙowa ba.

Sai shekarar da ba ma so mu tuna ta zo. Kayan gyara suka yi wuyar samu, kamfanoni suka riƙa rufewa, namu ma aka ja jiragen gefe aka toshe musu baki da hanci, aka ce kowa ya tafi gida sai an neme shi. Na dawo Gumel na zauna. Da zaman ya ishe ni na ce bari in yi noman riɗi a gonarmu ta wajen Gagarawa. Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari sayen sa na huɗa. Na duba san nan yadda nake duba jirgi kafin tashi. Na fara daga hanci na bi ta dama, na duba haƙora, na ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, na zagayo ta wutsiya na dawo ta hagu. Dillalai suka taru suna kallo, wani yana cewa wannan likitan dabbobi ne daga Kano. Ban sami aibu ko ɗaya ba. Sai da aka ɗaura masa garma muka gane ba ya juyawa hagu. Ko za ka kashe shi, dama kawai ya sani. Kunyoyin gonata a shekarar nan, in ka hango su daga nesa, kamar an naɗe tabarma. Manoman Gagarawa har zuwa suke yi su tsaya a bakin gona, su ce ai haka ake noma a sama.

Bayan damina aka aiko in koma, an gyara jirgi ɗaya, kuma an ba kamfaninmu jigilar maniyyata. Matuƙa sun watse, wasu sun tafi ƙasashen waje, wasu sun kama kasuwanci. Da na shiga ofis na tambayi wanda zai zauna mini a dama, sai mai rabon aiki ya ce, "Wani yaro ne mai ƙoƙari, kamfaninsu ya rufe muka ɗauke shi. Sunansa Nasiru, shi ma ɗan wajenku ne."

Na ce, "Wane Nasiru?"

Ya faɗa. Na nemi kujera na zauna. Nasiru mijin 'yata Hadiza ne. Ko shekara ba a yi da bikinsu ba. Na ce a canza mini shi. Ya ce, "Kyaftin, da wa? Ku huɗu ne kuka rage, sauran biyun su ne za su karɓe ku in kun gaji."

Kun dai san yadda suruki yake a wajenmu. Nasiru tun da ya auri Hadiza bai taɓa haɗa ido da ni ba. In ya hango ni a layi sai ya canza hanya, in kuma babu hanyar canzawa ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Sunana kuwa, Mamuda, ko wani mai sunan ya gani sai ya ce masa mai sunan Baba.

Ranar da muka fara shiga jirgi tare don gwaji, ina zaune sai na ji motsi a bayana. Na waiga, ga Nasiru ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin tuƙi yana neman wurin durƙusawa. Ɗakin nan bai kai cikin kekenka faɗi ba, Auwalu. Ya durƙusa gwiwarsa ta bugi akwatin rediyo, ya miƙe kansa ya bugi maɓallan sama. Na ce ya sa takalminsa ya zauna, da ƙafa ake taka birki. Ya zauna ya juya fuskarsa wajen taga, ya ɗauki ceklis ya fara karanta wa tagar, da wata murya kamar mai yi wa jariri waƙa. Aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi, alhali ina jin cikinsa yana kuka ta cikin abin kunnena.

Aikinsa kuwa ba shi da makusa. Hannunsa mai kyau ne, idonsa ba ya barin agogo. Da wani kyaftin ne a gefensa, na san zai buɗe baki ya yi magana kamar kowa. Ni ne matsalar. Na kai shi akwatin gwaji, na yi masa irin ta Mai Lofe, na karkata daga tsakiyar titi da gangan. Sai na ji, "Baba, ko za a ɗan..." Muka faɗa ciyawa.

Na kashe akwatin na ce, "Nasiru, dube ni."

Ya dubi gwiwata.

Na ce, "Daga ƙofar ɗakin nan zuwa gilashin gaba, ba ni da 'ya. Ban san wata Hadiza ba. In ka ga abu ka yi shiru don kunyata, mutanen da ke bayanmu ba su ci kunyar kowa ba, su za ka kashe. Ka ji?"

Ya ce, "To, Baba."

"Ba Baba ba. Kyaftin."

"To, Baba Kyaftin."

Da na ga haka, ranar Juma'a na ce ya shigo motata mu je Gumel tare. Na ce masa duk sa'ad da allurar gudu ta wuce inda na nuna masa, ya daka mini tsawa ya ce tsaya, in kuwa ban ji tsawar a ƙirjina ba, ba zan taka birki ba, ko da rami ne a gaba. Daga Kano zuwa Gezawa raɗa yake yi. Wajen Gujungu ya fara fitowa kamar mai kiran kaji. Muna shiga ƙasar Gagarawa na taka mota sosai, ga wata motar itace ta tsaya a gaba, sai yaron nan ya rufe ido ya kurma ihu, "Tsaya!" Na taka birki har wani mai amalanke a gefen hanya ya ja shanunsa ya tsaya cak, yana waige-waige. Na ce madalla, haka nake so. Shi kuwa ya haɗa hannu yana cewa in yafe masa.

Jirginmu na farko na maniyyatan yankinmu ne, mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Rabin jirgin sun san ni tun ina yawo ba wando. A cikinsu har da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni. Ita ce mai hukunci a danginmu kan abin da ya shafi ladabi. Ta taɓa mayar da wata amarya gidansu don ta miƙa wa mijinta ruwa a tsaye.

Mun gwada jirgin lafiya lau, aka ce gobe za a tashi. Sai aka sami jinkirin takardun maniyyata, goben ta zama jibi, jibin ta zama gata, jirgi yana tsaye a rana. A gefen hancin jirgi akwai wasu 'yan bututu kamar bakin buta. Iskar da ke shiga cikinsu ita ke gaya wa agogo irin gudun da ake yi, kyaftin da nasa, mataimaki da nasa. In jirgi zai daɗe a ajiye akan rufe su da murfi mai jan ƙyalle. Da yake kullum ana cewa yanzu za a tashi, ba a mayar da murfin ba. Da safen na zagaya jirgin da kaina, na haska bututun da tocila, bakinsu fes.

Aka cika jirgi. Rana ta yi zafi, kaya sun yi nauyi, don babu maniyyacin da bai ɗauko garin kunu da yaji da kilishi ba. Muka karanta ceklis, Nasiru yana karantawa da murya sosai, har yana kallon kafaɗata, wanda ci gaba ne babba. Hasumiyar da ke ba jirage hanya ta ba mu izini, ya amsa mata. Sannan ya juya maɓallin maganarsa zuwa lasifikar cikin jirgi, ya ce ma'aikata su zauna za mu tashi. Na tura wuta.

"Wuta ta daidaita," in ji shi.

Jirgi ya fara gudu, nauyi ya sa yana jan ƙafa. Idona na kan titi, kunnena yana jiran kalma ɗaya. Jikina ya gaya mini lokacinta ya yi, ban ji ta ba. Na saci kallon agogona, allura tana wuce tamanin. A aikinmu shiru ma magana ce, in kalmar da kake jira ba ta zo ba, wani abu ya faru. Ashe Nasiru a nasa agogon allura tana kwance kamar ba a tashe ta ba. Ya dubi nasa, ya dubi nawa, ya ga ba su san juna ba.

"Tsaya!"

Kafin ya rufe baki na ja sandunan wuta baya, na taka birki, na juya ƙarfin inji yana tura mu baya. Amma jirgi mai nauyi ba ya tsayawa don an ce masa tsaya, sai da ya ci titi mai yawa yana rawa yana gurnani. Shi kuwa Nasiru, abin da muka shuka a hanyar Gumel ya tsiro gaba ɗaya. Ya damƙe sitiyarin gabansa, babban yatsansa a kan maɓallin magana, yana ihu da Hausa tsantsa:

"Mamuda, tsaya! Mamuda! Na ce ka tsaya!"

Muka tsaya. A baya ina jin butoci da kuloli suna gangarowa, salati ya cika jirgi. Nasiru ya koma Turanci, ya sanar da hasumiya cewa mun fasa tashi. Hasumiya ba ta amsa ba. Ya sake faɗa, shiru. Sai shugabar ma'aikatan jirgi ta buɗe ƙofa, fuskarta wani iri, ta ce, "Kyaftin, duk abin da ake faɗa a nan, a baya yake fitowa."

Nasiru ya dubi maɓallin, ya ga inda ya bar shi. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari haka ba.

Muka ja jirgi gefe, motar kashe gobara ta zo ta tsaya kusa da tayoyi don birki ya yi zafi, aka sauke mutane. Injiniya ya kwance bututun gefen dama, ya buga shi a tafin hannunsa, sai ga jar ƙasa da 'yan tsutsotsi. Zanzaro ne ya shiga can ciki, inda tocila ba ta kaiwa, ya yi gininsa a kwanakin da muke jira. Kada ku raina wannan. Da mun tashi, toshasshen bututun nan zai sa agogon Nasiru ya riƙa hawa muna yin sama, yana cewa gudu ya yi yawa a rage, nawa yana cewa a ƙara. Ga jirgi cike, ga zafi, ga mutum biyu kowa da agogonsa, ana neman wanda ke ƙarya a lokacin da babu sararin yin musu. An yi asarar jirage a kan abin da bai fi wannan ba.

A ofis na rubuta cewa mataimaki ya yi aikinsa daidai. Na kuma ja shi gefe na yi masa faɗa a kan abu ɗaya, barin maɓalli a kan lasifika, don da muna buƙatar hasumiya da gaggawa da mun rasa ta. Ya ce, "Baba, ɗayan fa?" Na ce wane ɗayan, ban ji komai ba.

Amma jirgi guda ya ji. A zauren jira babu mai zancen zanzaro. Na wuce wasu tsofaffi biyu daga Sule Tankarkar, ɗaya yana cewa, "Gatsal fa ya kira shi, ko Alhaji babu." Ɗayan ya ce, "Har sau biyu. Yaran yanzu, in sun yi boko shi ke nan." Washegari muka tashi lafiya muka kai su, amma 'yan rakiya sun riga sun kawo labari Gumel. Kafin ya kai Maigatari an ce zagina ya yi. A Gagarawa aka ce har ya ɗaga hannu.

Bayan an gama dawo da alhazai, yayana Alhaji Sabo ya tara mu a zaurensa. Mahaifin Nasiru ya zo da goro da dattawa biyu don ba da haƙuri. Nasiru yana can bakin ƙofa, kansa kamar zai shige ƙasa. Yaya Sabo ya ce tun kakanni ba a taɓa yin haka a gidanmu ba, a gaban jama'ar gari huɗu, kuma a ganinsa Hadiza ta dawo gida tukuna har yaro ya koyi yadda ake magana da manya.

Na ce, "Yaya, dokar aikinmu ce. Ni na koya masa da kaina. In ya ga haɗari dole ya ce tsaya."

Ya ce, "Na ji. Dokar ta ce ya ce tsaya. Dokar ta ce ya ce Mamuda?"

Duk littattafan da na karanta babu wannan a ciki.

Sai muka ji ƙarar sanda daga cikin gida. Gwaggo Asabe ce, yanzu Hajiya, sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Mahaifin Nasiru ya sunkuyar da kai, don ya san labarin amaryar nan mai ruwa. Aka ba ta buzu ta zauna, ta ɗauki lokaci tana gyara mayafi.

Ta ce, "Sabo, kana cikin jirgin?"

Ya ce, "A'a, Gwaggo."

"To ni ina ciki. Goshina ya bugi kujerar gaba, kular wata mata ta fashe a ƙafata. Kai kana nan gindin darbejiya kana shan fura." Ta juya wajen ƙofa. "Kai yaro, ɗago kanka. Da ba ka kira sunansa ba, da ya tsaya?"

Nasiru ya ce, "Da ya tsaya, Hajiya. Ya ma riga ya taka birki. Bakina ne ya kuɓuce."

Ta ce, "Kai ka san wannan, ni ban sani ba. Ni na raini Mamuda. Tun yana ƙarami in ya sa gudu, ka ce kai, ka ce yaro, ba ya waiwayowa sai ka kira sunansa sau biyu ka haɗa da tsawa. Ina cikin salati na ji an kira shi daidai yadda nake kiransa, sai hankalina ya kwanta, na ce alhamdu lillahi, ashe akwai babba a gaban jirgin nan."

Ɗaya daga cikin dattawan ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Yaya Sabo ya ce, "Amma Gwaggo, mutane..."

Ta ɗaga masa sanda. Ta jawo goron da aka kawo, ta zaɓi fari babba ta ɓare, sannan ta nuna Nasiru da ɓarin.

"Hadiza tana ɗakinta, babu inda za ta. Kai kuma ka saurare ni. A ƙasa, in na ji ka ɗaga ido ka dube shi, ni da kai ne. Amma a cikin jirgi, in ka kira Mamuda bai tsaya ba, ka haɗa da sunan ubansa. Uban nasa ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na ba ka izini."